Kwalabe Bakwai

Ni ɗan kabu-kabu ne, sunana Ma'azu,
tashata gindin darbejiya, daura da jami'a.
Ran Talata Cima ta tsayar da ni,
da akwatin ƙanƙara da kwalabe bakwai, duk wofi.
Ta ce, "Yini za mu yi, ruwa za mu bi."
Na ce, "Ga na leda can, dala biyar."
Ta yi dariya, ta hau.

Gulbi muka fara.
Ya janye jikinsa tun bayan kaka,
ya bar yashi da 'yan idanu nan da can.
Ta durƙusa, ta ɗiba, ta rubuta a murfi.
Sai Jiratawa, magudanar masu barkono.
Sai Madarunfa, inda tsoho Nomau
ya tura mu a kwalekwale har tsakiyar tafki.
Ya ce, "Kifi kuke nema?"
Ta ce, "Ƙasa da kifi."
"Tsutsa?"
"Ƙasa da tsutsa, Baba."
Ya ɗaga gora daga ruwa, ya ce, "To, aljanu ke nan."

Rijiya a Tibiri, gaba goma sha biyu.
Kududdufin masu bulo, kore shar kamar miyar kuka.
Kwatar bayan kasuwa, wadda na toshe hanci
ita kuwa ta tsuguna kamar mai tsintar zinariya.
Shida ke nan. Rana ta yi ja.
Ta dubi ta bakwai, ta dube ni:
"Akwai randa a gidanku?"

Kwana uku na je karɓar cikon kuɗina,
ta ce in shigo, in wanke hannu.
Faranta bakwai a jere, masu murfin gilashi,
kowanne an shafe shi da abu kamar busasshen koko.
"Wannan bakteriya ce na shuka," in ji ta,
"dangin masu sa amai da gudawa.
Dubi inda aka cinye su."

Na duba.
Na Gulbi ramuka manya, sawun akuya a laka.
Na Madarunfa ƙanana, tsinin allura.
Na kwata ya zama rariya, ba wurin sa yatsa.
Na rijiya biyu rak, su ma dishi-dishi.
Ta ce waɗannan ba su cika kisa nan take ba,
shiga suke su kwanta, baƙon da ya manta hanyar gida.

"Kowane ruwa da nasa mafarauta,
kowane mafarauci da naman da yake ci.
Makulli ne, ba ya buɗe kwadon maƙwabci.
Da yawansu ko suna ba a raɗa musu ba."
Ta nuna min hoto a kwamfuta:
kai mai kusurwa, wutsiya, ƙafafu irin na sauro,
ya dafe bayan ƙwayar cuta yana zuba mata ajali.
Na ce, "Ashe gaba da gabanta."
Ta ce, "Ka gaya wa Baba Nomau aljaninsa ya taka wuta."

Ban gaya mata zancen Illa ba,
ɗan yayata, mai shekara huɗu,
da muka kai rumfar asibiti damina waccan
a kan wannan babur ɗin,
muka dawo da zanen goyonsa kawai.

Na ce dai, "Na randarmu fa?"
Ta ɗaga farantin sama, ta sa shi a haske.
Rami ɗaya, can gefe,
bai kai ƙwayar gero ba.

Daren nan na ɗauki moɗa, na tsaya.
Inna ta ce, "Me ka gani a ciki?"
Na ce, "Ba kome."
Na tafasa, don Cima ta ce a riƙa tafasawa,
na jira ya huce,
na sha.