Faifan Rana, Faifan Dare

Garwa, ashirin da tara ga watan Maris.
Binuwai ta janye, ta bar yashi yana huci.
Fankar ofis tana tuƙa zafi kamar tuwo,
Hamajoda, akawun kuɗi, yana tsaye a kaina
da sunayen manoman auduga dubu da ɗari uku
waɗanda gobe za su yi layi tun asuba.

Kwamfuta ta ce, da Faransanci, da koren rubutu,
wai wuri bai isa ba.
Kalma biyu. Ta ja bakinta ta tsuke.

Ɗari shida da arba'in ne faɗin ɗakinta,
ba a ture bango, ba a ƙara shirayi.
Manhajar biya tana neman ɗari biyar da tamanin,
abin da ya saura, ɗari biyar da saba'in da ɗaya.
Tara.
Tara kacal ta tsaya tsakanin mutum da guminsa.

Na buɗe takardar da take karantawa in ta farka.
Layi goma sha huɗu, kowane layi baƙo ne
da ya shimfiɗa tabarma bai faɗi ranar tafiya ba.
Na shiga sallamar su ɗaya ɗaya.
Kashe, kunna, jira ta ƙirga kanta,
kashe, kunna.
Na kori na ɓera, kibiya ta sandare.
Na dawo da shi, firinta ta kama sambatu,
tana aman baƙaƙen da babu malamin da ya san su.
Ashe su biyun ƙofa ɗaya suke ƙwanƙwasawa,
in an kira wannan, wancan ya ce na'am.
Na kwance murfi, na sa hantsaki,
na ɗaga wani ɗan baƙin abu kamar ƙwayar shinkafa,
na matsar da shi haƙori ɗaya.
Rigima ta kwanta.
Tara tana nan tara.

Danra mai gadi ya kawo shayi,
ya ce rediyonsa mari ɗaya ke warkar da ita.
Wutar Lagdo ta ƙifta ido, cikina ya ɗuri ruwa,
ta dawo.
Hamajoda ya yi isha'i a kan kwali,
ya idar, ya duba agogo, bai ce komai ba,
shirun nan ya fi zagi nauyi.

Akwai layi na sha uku.
Tun rana nake tsallake shi
kamar mai bashi da ƙofar mai shago.
Na san shi. Ni na kawo shi.
Wani malamin makaranta ya zo min da shi daga Zariya
a faifai, naɗe cikin hankici.
Shi ke koya wa allon Faransa lanƙwasa ƙugiya,
don kada baƙi ya zama baki,
kada ƙafa ta koma kafa,
in kowa ya tashi na zauna da 'yan baitocina.
Goma sha ɗaya yake ci.

Na daɗe yatsana yana sama.
Sannan na sa masa alamar barci a goshi.
Kashe. Kunna.
Ɗari biyar da tamanin da biyu.

Firinta ta ɗauki kuka irin na gyare,
suna bayan suna, sefa bayan sefa,
har ladanin Fulɓere ya riga ta yin shiru.
Hamajoda ya ce, wai me ya shige ta?
Na ce, wani baƙo ne, ya tafi.

Bai tafi ba.
Da safe na sayi faifai biyu a bakin kasuwa,
na rubuta Rana a kan ɗaya,
ɗayan yana aljihun rigata, wajen ƙirji.
Wannan da kake karantawa da shi na tashe ta.
Duba da kyau:
ƙugiyoyin duk suna nan.