Karyar da ta riga ni shiga gona

Damina shida ban taka gonata ta Limani ba.
Geza ta cinye iyaka,
abin da aka binne a ciki kuwa ba iri ba ne.
Jakin Tanimu ya gwada mana,
kofato ɗaya muka tsinta.

Ran Talata suka zo, da hantsi bai ɗaga ba:
farar mota, jan zare, ƙananan tutoci,
da Kofur Jonwe, mutumin Yaguwa,
Hausarsa ta kasuwa ce, rabi da hannu.
A ƙarshen igiyarsa karya, sunanta Biju.

Ni da na tashi da dutse a hannu saboda irinta,
ni da kan wanke akushi sau bakwai,
na tsaya bayan zare kamar baƙo
ita ta shiga.

Hanci a ƙasa, taki ɗaya, taki biyu.
Ba ta haushi.
In ta ji abin, zama take yi,
ta ɗago kai ta dube shi
kamar yarinyar da ta gama wanke allo.
Shi kuma numfashinsa na ɗaure da jelarta.

Sau huɗu ta zauna ran nan.
Na uku, gindin aduwar
da Kande ke shimfiɗa wa goyonta zane.
Ban gaya wa Kande ba.

Ladanta ƙwallon roba, duk ya sha haƙori.
Ya dafa ƙasa da bayan hannu, ya ce ta yi zafi,
aiki ya tashi.
Ya zuba mata ruwa a hular kwano,
sai da ta ƙoshi ya kurɓi ragowar gora.
Na ce, ba ka tsoro?
Ya ce, ita ke gaba, baba,
ni bin ta kawai nake yi.
Ya ce akwai wata kafin ita.
Bai ƙara ba, ya shiga cire mata ƙarangiya.

Sati uku suka naɗe zarensu.
An ce sun nufi Kolofata.

Da ruwa ya janye na fito dashen masakwa.
Ga sawunta a laka, ya bushe,
daga bakin hanya har gindin aduwa.
Na daɗe da sanda a hannu.
Sannan na sa ƙafata inda ta sa tata,
na huda rami na farko.