Aska Takwas, Saura Uku

Ran Laraba Alhaji Tanimu ya yi sallama a zaurena,
nan Unguwar Juma, bayan la'asar.
Ya shimfiɗa shadda ruwan toka bisa tabarma,
ya ce, "Aska takwas nake so, da tambari a baya,
kafin watan layya ya tsaya."
Ya ƙirga min rabin kuɗi, ya ɓara goro ya miƙo,
har da ƙorafin yadda zare ya yi tsada bana.

Na kai wa Baballe mai zane.
Ya tsoma alƙalami, ya ja layi a ƙirjin riga,
ya turo min ita, ya ce, "Ga hanyarka."
Shekara arba'in da ɗaya haka muke,
shi ya zana, ni in bi da allura.

Na gama ta biyar, na ɗora bakin ta shida,
sai salati ya tashi daga lungun masallaci.
Alhaji ne.
Ya yi alwalar asuba, ya sunkuya zai sa takalmi,
ƙafa ɗaya kawai ta shiga.

Muka fita da shi bayan ganuwa.
Allah ya yafe min, ido ba ya barin sana'arsa:
ana addu'a, ni ina kallon tufar da aka sa masa.
Farin alawayyo, yagen hannu,
ba wuya, ba aljihu, ba ɗinkin da za a yaba.
Ba kuma wanda ya tambayi nawa yadi.

A hanyar dawowa Baballe ya ce,
"Ka gani? An gama zane tun ba a haife mu ba.
Tawada ta bushe. Bi kawai muke."

Na ce, haka ne, ban musa ba.
Amma ka ba mutum biyu zane guda:
na wannan ya sha bugu shekara goma bai motsa ba,
na wancan wanki ɗaya ya fara zubar da gashi.
Ka tuna rigar angon nan na Tudun Wada?
Sauri nake, na tsallake sara bakwai a ƙarƙashin ninki,
inda ido ba ya kaiwa.
Aka biya ni, aka sa min albarka.
Yau shekara ashirin, in na kwanta ina ƙirga su.
Wannan ba ya cikin zanenka, Baballe.
Hannuna ne.

Ya tsaya ya kakkaɓe ƙasar maƙabarta daga wandonsa,
ya ce, "To, hannun wa ya ba ka?"

Na yi shiru har Ƙofar Gayan.
Shi ma bai ƙara ba.
Gardamar na nan, mun jingine ta kamar tsohon keke.

Abin da na sani bai fi cikin cokali ba.
Kamu-kamu ake ba ka zare,
ƙullin yana hannun da ba ka gani.
Ka ja, ya zo. Ka ja, ya zo.
Har ka manta da wani ke sakin shi.
Rannan ka ja
ka ji iska.

Magada sun ce in bar ta haka, sun yafe kuɗin.
Babban ɗan siriri ne, za ta haɗiye shi.
Kwana tara tana rataye a ƙusa,
aska biyar na kallona, uku tawada ce zalla.

Yau na sauke ta.
Ba wanda ya sa ni, ko kuwa an sa ni, oho.
Ban san wuyan da za ta shiga ba,
ban san ko ni zan kai ta takwas ba.
Amma sarar da ke gabana yanzu, wannan ɗaya,
zan matse ta,
har wadda ke ƙarƙashin ninki.

Mudi, ajiye wayar nan ka zo,
zura wa kakanka zare.
Kafar allurar ta ɓace min,
rana kuma ta fara jingina da Kufena.