Gwangwanin Gindin Kurna

Cima, kashe moto nan, daga nan sai ƙafa.
Waya ta ce saura taku ashirin,
amma kar ki ba ta amana duka:
tana kai mutum unguwa, ba ta nuna ƙofa.
Sa ta aljihu. Abin da ya rage na ido ne.

Kin ga tsohon can mai ban ruwan salati?
Garkarsa ce, mu baƙi ne.
Ba a tsallake darni don gwangwani.
Mu yi sallama, mu tambayi gajiya,
mu tambayi Gulbi, bana ina ya tsaya,
sannan mu ce: Baba, mu leƙa gindin kurna?

Ga kara, riƙe.
Kogon icce ba naki ke kaɗai ba ne,
kunama ma ta san inuwa.
Kara ya fara shiga, hannu ya biyo baya.
Kuma ba a tono, ba a karya reshe;
wanda ya ɓoye bai zo da hauya ba.
Nemi abin da ya zauna zaman da bai dace ba:
dutse uku a jere inda babu dutse,
ɓawo a jingine kamar an ce masa jira.

Dakata. Ga yara da jaki za su wuce.
Duƙa ki gyara takalmi, ki kalli sama.
Ba ƙarya muke ba, sutura ce:
in suka gani, gobe gwangwanin ya zama ganga.

To, ga shi. Gwangwanin madara, an naɗe shi da leda.
Buɗe a hankali, murfin ya tsufa.
Wuri biyu, maɓalli, ɗan kunne marar ɗan'uwa,
da ƙaramin littafi da damina ta lasa.
In kin ɗauka, ki ajiye wanda ya kai shi ko ya fi.
Ba a sa ƙuli-ƙuli, ba a sa dabino;
na taɓa yi a hanyar Tibiri,
kiyashi suka yi mini godiya, mutane suka zage ni.

Biro fa? Na ce ki zo da biro.
Karɓi nawa. Suna da rana, shi ke nan,
bar wa na baya wurin rubutu.

Ran da kika nema kika rasa, ki faɗa kin rasa.
Ni na yi sawu uku bakin tafkin Madarunfa
na dawo da ƙaya a ƙafa da ƙishirwa.
Ba abin kunya ba ne. Mai gwangwani na son ya sani
ko ruwa ya ci, ko akuya ta ture.
Ran da kika samu kuma, riƙe bakinki;
wanda aka faɗa wa maɓoya an ƙwace masa tafiya.

Tsaya. Ba ni littafin.
Wannan ajami na wane ne?
Shafi bayan shafi, hannu ɗaya, kowace Juma'a:
"Nomau. Yana nan lafiya."

Tsohon ya ajiye guga yana dariya.
Ya ce farko sammu ya zata,
har ya ɗauko ashana,
sai ya ga sunaye: Zinder, Katsina, wani ma daga Dosso.
Ya ce abin da ke kawo baƙo garkata
ya yi sallama, ya sha ruwa, ai ba sammu ba ne.
Ledar nan ma shi ya sake ta bayan ruwan Agusta.

Cima, mayar da shi yadda kika same shi,
murfi ƙasa, ɓawo bisa, dutse uku.
Kwashe ledojin nan da iska ta tara,
ki saya mana salatin dala ashirin.
Kada ki yi ciniki.