Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya

Ƙarfe tara na dare nake karɓar aiki,
lokacin da jiragen ruwan Valparaíso
ke gyangyaɗi a bakin gaɓa da fitilunsu a kunne.
Marcelo ya bar mini kujera da ɗuminta
da rabin kofin shayin da ya huce,
ya ce, "Ximena, ga duniya nan, kar ki yar."

Allo goma sha shida a bango ɗaya.
A na farko rana ta fito, ana tsere.
A na biyar dambe ake, jini a gira.
A na tara wasu na zamiya kan ƙanƙara,
ni kuwa gumi ke bin bayana,
Janairu ce, zafinmu, sanyinsu.
Tashar nan ba ta san Lahadi ba.
In an naɗe tabarmar ƙwallo a wannan nahiya
an riga an shimfiɗa ta keke a waccan.

Kogi ɗaya ke saukowa daga sama,
ni ke yanka masa magudana.
Reshen kudu shi ne namu:
in cire muryar baƙo, in ɗora ta Don Hernán
mai jan ihun ci har numfashi ya ƙare masa,
in cusa tallar man girki da tayar mota
inda mutanen wata ƙasa ke ganin tallar banki.
Masu waya suna da nasu duk inda suke,
a bas, a gado, a layin asibiti.
Masu akwatin talabijin kuwa, amanata ce.

Ga abin da ban cika faɗa ba:
hoto yana zuwa gabana
daƙiƙa goma sha ɗaya kafin ya isa gari.
Ƙwallo ta faɗa raga, na gani,
gari bai sani ba.
Mai shagon giya na goge kofi,
wani na cizon farce, wata na roƙon Allah
kan abin da aka riga aka gama.
Sai in buɗe taga in ƙirga.
A goma sha ɗaya tuddai su fashe da ihu,
karnuka su amsa daga kwari.

A kan ɗaya daga tuddan nan mahaifina yake,
Eleuterio, shekara talatin yana ɗaure igiyar jirgi.
Tun da Mama ta rasu bai kashe akwatin ba.
Komai aka sa zai kalla.
Wasu masu fararen kaya a can wata uwa duniya
suna jifa, suna bugu, kwana biyar ba a tashi ba,
bai san dokar ba, bai tambaya ba,
ya ce, "Waɗannan sun iya jira."

Wani dare a Yuli ana ruwa kamar da bakin ƙwarya,
uku da minti arba'in,
allon kudu ya yi baƙi ƙirin.
Sauran sha biyar na ta harkarsu.
Yatsuna na rawa na nemi layin ajiya,
na danna wanda ba shi ba, na sake.
Daƙiƙa hamsin. Hoto ya dawo:
wasu 'yan mata na tuƙa kwalekwale a wani tafki.

Sai waya.
Na ɗauka shugaba ne, na gyara murya.
"Ximena, lafiya kike?"
"Baba, layi ne ya yanke, an gyara."
"To. Na ga duhu ne,
na ce ko wani abu ya same ki."
Ya yi tari, ya ajiye.
Bai tambayi wa ke kan gaba ba.

Ƙarfe bakwai na hau matakala ɗari da tara
da burodi mai zafi a hammata.
Na same shi a kujera, baki buɗe, bargo a ƙasa,
hasken allo na wasa a goshinsa,
dawakai na gudu a ƙasar da yamma ta yi.
Na ɗaga bargon na rufe shi,
na rage murya kaɗan,
na bar dawakan suna gudu.