Mudu Tara, Baki Arba'in da Biyu

Ƙarfe bakwai jirgi ya sauke ni a Alexandria,
Kogin Potomac na turiri kamar an buɗe tukunya.
Hawa na sha ɗaya, teburin jikin taga,
takardun roƙo arba'in da biyu na jirana,
kuɗin kuwa na tara ne.
Da sanin haka na kwana, da shi na tashi.

Ba gumina ba ne.
Harajin direban bas ne, da na mai gasa burodi,
da na matar da ke goge benen nan in mun watse.
Ni dai ludayi aka miƙo mini,
aka ce raba, ka kuma rubuta
inda kowane ɗigo ya sauka.

Manyan jami'o'i sun iya roƙo.
Magana sumul, lissafi ba tangarɗa,
ofis guda suka ware don gyaran baki.
Kogi dai ba ya ƙin yayyafi.

Sai ta ashirin da shida.
Wata 'yar kwaleji a duwatsun West Virginia,
garin da aka rufe ramin kwal
aka bar dattawa da tari.
Dakta Lorene Tackett da hannunta ta rubuta,
na gane, don shafi na huɗu bai zo ba,
jimillar kuma ta zarce da dala sittin.
Madubin ganin ƙwayoyin halitta take so, sha biyu,
da injin gwada ƙarfin ƙarfe,
da ɗan abin da zai riƙe ɗalibai shida lokacin hutu
kada su tafi wanke-wanke a gidan abinci
su bar gwaji a tsakiya.
"Yara talatin, madubi uku," in ji ta,
"ɗayan ma sai an tokare shi da littafi."

Na ajiye biro.
Ga Malam Barau Jikamshi a gaban ajinmu,
ya zana madubin da alli, har da inuwarsa,
ya nuna da tsinke ya ce, "Nan ake sa ido."
Mu saba'in muka sa ido a allo.
Har na bar makarantar hannuna bai taɓa shi ba,
amma na ci jarrabawarsa.

Laraba kwamiti ya zauna.
Kofi ya huce, maki ya taru.
Na nemi gurbin tausayi a fom, babu,
kuma daidai ne da babu:
in kowa ya auna da zuciyarsa
mudun gwamnati zai zama na 'yan uwa.
Wendell Ashcraft ya karanto jerin,
na ɗaya, na biyu, har na tara.
Lorene ce ta goma.

Ta goma!
Tazarar ba ta kai faɗin farce ba.

Wasiƙar ban haƙuri layi biyar ce, a shirye take,
suna kawai ake sakawa.
Na saka.
Sannan na ƙara shafi biyu da doka ta yarje mini:
ga inda lissafi ya zame,
ga abin da shafi na huɗu ya kamata ya faɗa,
ki ƙirga mana yaran da suka tsaya bara, da waɗanda suka bari,
ƙofa za ta sake buɗewa a Janairu.
Ban rubuta mata zancen allo ba.

Magariba ta same ni a wurin.
Tsehay ta shigo da bokiti da tsumma,
ɗanta na shekarar farko a karatun injiniya,
littafi guda ya cinye mata aikin kwana uku.
Ta dubi tarin takardun, ta dube ni, ta yi dariya:
"To, ka gama raba kuɗin nawa?"

Na ce na raba.
Ta ce, "Ya isa?"
Na ɗaga ƙafafuna ta goge ƙarƙashin tebur.