Takardar Aljihu

Daren Talata Lawali ya ƙwanƙwasa ƙofa.
"Baba ya cika bayan isha'i.
Kawu, kai ka yi lakwal, kai ne amininsa,
gobe in an dawo daga kushewa, ka ce wani abu."
Na ce to. Me zan ce in ba to ba?

An ɗauke wuta a Birni.
Na kunna tocila, na yago takarda daga littafin jikata,
na rubuta: Malam Ari mutumin kirki ne.
Na dubi layin, kunya ta kama ni.
Wannan ai rigar aro ce, kowane mamaci an sa masa.
Na soke.

Na rubuta: mai haƙuri ne.
Sai na ji kamar tsakinsa daga gindin dogon yaro,
bakin gidan waya, inda ya shekara talatin
da tebur mai ɗingishi,
yana rubuta wa mutane wasiƙa
zuwa Agadas, zuwa Kano,
zuwa ga ɗan da ya tafi Libiya ya daina aike.
Haƙuri? Ari da ya jefi akuya da kwalbar tawada
don ta lashe masa tambur uku?
Na soke wannan ma.

Shi kan ce wa mai saƙo:
"Faɗi abin da ke ranka, gaisuwar ni zan ƙara."
Ga ni tsakar dare, takarda cike da gaisuwa,
abin da ke rai ya ƙi saukowa bakin alƙalami.

Da hantsi aka jera sahu.
Liman ya ce, "Akwai mai bin mamaci bashi?"
Shiru.
"Ko wanda mamaci ke bi?"
Na sunkuya ina duban yatsun ƙafata.

Muka kai shi, muka dawo da ƙasa a hannun riga.
Aka baza tabarmi, Lawali ya dube ni.
Na miƙe, na taɓa aljihu:
gumi ya jiƙa takardar, ta manne kamar ganyen ɗanwake.
Ban fito da ita ba.

Na ce: Jama'a, ni ne yake bi.
Shekarar da famfo ya yi wata huɗu bai ɗiga ba,
matata na kwance asibiti,
ya miƙo mini jika goma sha biyu cikin ambulan,
a bayanta ya rubuta: babu gaggawa.
Yau shekara tara.
Na riƙa zagayawa ta Kasuwar Dole
don kada in gifta teburinsa.
Bai taɓa tambaya ba.
Goro dai yake aiko mini duk Sallah,
ni kuwa in ci, yana tsaya mini a wuya.

Nan murya ta ƙi.
Wani tsoho ya ce Allah ya jiƙan Ari, aka shafa.

Bayan la'asar Lawali ya zauna kusa da ni
da wani tsohon littafi mai bangon leda.
Ya buɗe, bai ce komai ba.
Ga sunana, ga jika goma sha biyu,
ga layi ɗaya miƙe a kansu,
tawadar har ta koɗe.
Tun yaushe, Ari?

Takardar kuwa, sai ranar Asabar
aka tsince ta a wurin wanki,
ta zama dunƙule, ba harafi ko ɗaya.